Wuƙar Jarka da Manyan Yatsuna

Saura kwana biyar jirgin ruwan Daeng Nompo ya tashi zuwa tekun Fakfak, ni kuwa duk abin da ake sawa a jarka na haɗa shi, sai wuƙa kaɗai.

Sunana Sampara. Shekarata ashirin da huɗu, kuma a duk sa'o'ina na nan Galesong, garinmu na bakin teku, ni kaɗai ne ban taɓa bin jirgin neman ƙwan kifi ba. Su sun je sau uku sau huɗu, sun dawo baƙi ƙirin suna ba da labari, ni ina gida ina hawa giginya ina sauko wa kakata da ruwanta tana dafa sukari. Nene muke ce mata. Ita ta rene ni tun ina rarrafe. Bana wani a cikin mutanen Daeng Nompo ya karye a ƙafa, sai ya aiko a ce mini in ina so in zo. Ina so mana. Na daɗe ina so.

Daeng Nompo yana da doka ɗaya wadda ba ya ɗaga wa kowa ita. Kowane mutum a jirginsa sai ya mallaki ƙaramar jarka mai faɗin baki, da igiya a wuyanta, don ranar da jirgi ya kife a ɗaura ta a ƙugu. A ciki akwai gorar ruwan sha, da laita a ƙulle cikin leda, da zaren fatsa, da usur, da ɗan madubi, da dunƙulen sukari, da wuƙa. Wuƙar kuma ba mai naɗewa ba. Ya ce ya taɓa ganin igiya ta naɗe ƙafar mutum a cikin ruwa, mutumin yana ta fama da wuƙa mai naɗewa wadda tsatsa ta liƙe, da haƙori ma ta ƙi buɗuwa. Tun ranar, ƙarama yake so, tsayayyiya, a cikin kube.

Sannan sai an gwada ta. Ga yadda muke yi: ka kwantar da babban yatsanka a kan ƙarfen daga gindin mariƙi, ka ce “tafi”. Ka kwantar da na ɗayan hannun a gabansa, ka ce “samu”. Na uku “dawo”, na huɗu “rasa”, in ƙarfe ya saura a sake daga “tafi”. Yatsan da ya rufe tsinin wuƙar, shi ne maganarta. Mai wuƙa ke gwadawa da yatsunsa, kuma ba ya rage ƙarfen da hannunsa don ya gyara wa kansa. Liman ya sha cewa camfi ne, mu ma muna cewa haka ne, amma ranar babbar salla na gan shi da idona a bayan masallaci yana jera yatsu a kan wuƙar yankansa. Daeng Nompo dai “dawo” kawai yake karɓa. Mai yatsa bakwai ma “dawo” ce, amma ba ta shiga jarka, saboda haka mai uku ake nema.

Ranar Asabar da safe na ce wa Nene za ni maƙera. Na ɗauka za ta ɓata rai, don tun da aka aiko kirana take ƙorafin wa zai hau mata giginya wata huɗu. Sai kawai ta ɗaura zaninta mai kyau ta ce, “Mu je in raka ka, kada a cuce ka. Kai ko kaza aka aike ka saye da gurguwa kake dawowa.”

Daeng Lewa maƙeri (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu) ya shimfiɗa mana buhu ya jera wuƙaƙe tara. Mutum ne mai surutu, amma ranar ko ido bai yarda mun haɗa ba, sai zuga wuta yake alhali babu ƙarfe a ciki. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, ni ba na sauri. Biyu na ture don ƙarfen bai ratsa mariƙin har ƙarshe ba, irin su ne ke ɓallewa. Ɗaya ta yi siriri, da ka murɗa ta a jikin katako za ta lanƙwashe. Ɗaya kubenta sako-sako ne, na kifa shi ta faɗo. Cikin sauran akwai wadda ta shiga raina: ƙarfen sifirin mota, bayanta da kauri, mariƙin icen tsamiya mai ɗan kaushi yadda ba zai suɓuce a jiƙaƙƙen hannu ba, da huda a ƙarshe ta sa igiya. Na jiƙa hannuna a ruwan maƙera na riƙe ta, ta zauna daram.

Na jera yatsu. Tafi, samu, dawo, sai ga ɗan tsini ya leƙo, kamar rabin yatsa. Rasa.

“Wayyo,” in ji Nene. “Ga ta kuwa kyakkyawa. Gwada waccan.”

Na gwada. Rasa. Na gwada ta gaba, rasa. Har waɗanda na ture na jawo na gwada. Duka taran rasa.

“Ikon Allah,” in ji Nene, tana girgiza kai, amma ƙafarta na kaɗawa kamar mai jin kiɗa. “Lewa, ka taɓa ganin irin wannan?”

“Ban taɓa ba, Nene,” ya ce da wutarsa.

“To ai ba a jayayya. Wata shekarar ka je. Tashi mu tafi, rana na yi, giginya na jira.”

Duk da haka na sayi mai mariƙin tsamiyar, don na kasa barinta. A hanya Nene ta saya mini soyayyiyar ayaba har guda biyar, abin da ba ta taɓa yi ba sai ina zazzaɓi.

Kashegari na koma maƙerar ni kaɗai, da niyyar in roƙi Daeng Lewa ya ƙera mini wata. Ina tsaye ina jira ya gama dukan wani ƙarfe, sai idona ya faɗa kan wani tsinken ganyen giginya a soke jikin bango. An ja masa layi huɗu da gawayi. Na san yankan, Nene ce kaɗai ke yanka ganye a karkace haka. Na zare shi na kwantar da yatsuna a kai. Kowane yatsa ya shiga tsakanin layi biyu kamar an auna shi. To an auna shi ɗin. Sai na tuna ranar Alhamis da rana, ta kama hannuna ta ce akwai sartse a yatsana, ta daɗe tana juya shi a kan cinyarta, ni kuwa ban ji zafin komai ba.

Na ɗaga ganyen na ce, “Daeng, wannan fa?”

Ya ajiye guduma ya share gumi. “Sampara, ka rufa mini asiri.”

“Ina masu yatsa ukun?”

“Shida ne. Ta kwashe su a kwando, ta rufe da kifi. Ban san inda ta kai su ba, wallahi.”

“To ƙera mini wata. Ko ka rage wa wannan tsini.”

“Ta sa na rantse ba zan ƙera ba, ba zan rage ba, sai jirgi ya tashi.” Ya sauke murya. “Kai, matar nan ita ta yanke mini cibiya. Ta ce in na saɓa, za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta faɗi shekarar da na daina fitsarin kwance. Kuma shekarar ba ta faɗuwa.”

“In je wurin maƙerin garin Limbung ke nan.”

“Je ka. Matarsa tare suke zuwa karatu da Nene. Ganye biyu ta yanka.”

Na dawo gida a hankali. Ni ban iya faɗa da Nene ba, ko na fara dariya ke kama ni ko tausayi. Na hau giginya na zauna a sama ina kallon teku ina kallon yatsuna. Wuƙa dai ba a bar ni in taɓa ba. Amma gwajin nan abu biyu ne, akwai wuƙa akwai yatsa, kuma ban taɓa jin wanda ya ce kada a taɓa yatsa ba.

A ƙarƙashin rufin rumfar da muke dafa sukari akwai gidan rina, wata biyu ina kauce masa. Ranar Litinin, wadda da la'asarinta Daeng Nompo zai duba jarkoki, na jira Nene ta tafi rijiya. Na naɗe fuskata da zani, na dunƙule hannuwa na bar manyan yatsu a tsaye, na yi bisimilla na miƙa. Shirina harbi ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ban yi shawara da rina ba. Biyu suka ba ni a dama, ɗaya a hagu, ɗaya kuma ta bi ta ƙarƙashin zanin ta same ni a leɓen sama. Na yi gudun da ban san na iya ba, na faɗa cikin kwalbatin ruwan shanu.

Kafin azahar yatsuna sun zama kamar ƙananan dankali, leɓena ya rufe mini ƙofar hanci. Na ɓuya a gonar ayaba har aka yi la'asar, sannan na ɗauki jarkata na nufi gidan Daeng Nompo.

A ƙarƙashin gidan ake taruwa, tsakanin ginshiƙai, inda aka tara ganyen kwakwar da kifin ke zuba ƙwai a kai. Mutanen jirgi biyar suna zaune da jarkokinsu. Nene ma tana nan a kan tabarma tare da matar mai jirgi, suna shan kofi. Ta zo kallon yadda za a kore ni.

Tayang, abokina tun na makarantar allo, shi ya fara ganina. “La ilaha! Wa ya sako agwagwa?”

“Sampara, mace ce ta mare ka ko sumba ce ta yi yawa?”

“Ina zai samu mace? Giginya ya sumbata!”

Na yi sallama, amma abin da ya fito ba sallama ba ne, suka sake fashewa. Nene ta ajiye kofinta. Ta dubi bakina, ta dubi hannuwana, sai na ga idonta ya ƙanƙance.

Daeng Nompo bai yi dariya ba, shi ba ya yi a gaban mutane. Ya zazzage jarkata a kan tabarma, ya busa usur, ya kunna laita, ya ja zaren fatsa. Ya zare wuƙar, ya kifa kuben ya girgiza, ya aske gashin hannunsa da ita. “Ka iya zaɓe,” ya ce. “Gwada.”

Na kwantar da dankalin dama. Tafi. Na hagu. Samu. Na dama kuma, ya rufe tsinin ruf, har da saura. Na ce “dawo” yadda leɓena ya bari.

“Ƙarya ne!” Nene ta miƙe tsaye. “Nompo, dubi hannunsa! Wannan ba yatsansa ba ne!”

“Na wa ne, Nene?”

“Na rina ne! Ni na san faɗin yatsan yaron nan sarai.”

“Ya aka yi kika sani?” in ji Tayang.

“Kai rufe mini baki, mai kunnen faranti. Uwarka tana nemanka.”

Daeng Nompo ya kama hannuna ya juya shi, ya latsa, na yi tsalle. Ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, “Nene, wannan wuƙa ba ta yankan albasa ba ce. Ranar da za a zare ta, mutum ya kwana biyu a ruwa, igiya ta ci masa hannu, yatsu sun kumbura sun yi kamar haka. Ni da na kwana uku a kan jarka, zoben hannuna sai yanke shi aka yi. To yatsan ranar shi ya fi cancanta a gwada da shi.” Ya jefo mini guntun igiyar anga. “Yanke, da hannu ɗaya.”

Na take igiyar da ƙafa, na riƙe wuƙar da kumburarren hannu. Zafi har cikin kaina, amma mariƙin ya zauna, ja uku igiyar ta rabu. Mutanen jirgi suka yi shewa.

Nene ba ta zauna ba. “Nompo, a zamanin ubanka yaushe ake gwajin wuƙa?”

Ya ɗan yi tari. “Ranar tashi. A bakin ruwa.”

“Kai ka fi ubanka sani?”

“A'a, Nene.”

“To Alhamis a sake. In ta ce dawo, ni da kaina zan tura jirgin.”

Ya dube ni kamar mai ba da haƙuri. Shi ma, na ji an ce, ita ta karɓi haihuwarsa.

Tun da nake ban taɓa samun jinya irin ta kwana biyun nan ba. Nene ta daka kurkum da gishiri ta shafa mini. Ta matse lemun tsami. Ta tauna wani ganye mai ɗaci ta tofa. Ta aika aka sayo ƙanƙara, ita da ke cewa ƙanƙara ɓarnar ruwa ce. Ta hana ni hawa giginya, ta ba ni abinci a baki, tana cewa, “Sannu ɗan jikana, Allah ya sauke maka kumburin nan da wuri.” Leɓen kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Jarkar ma ta ɗauke ta sa a ɗakinta, wai kada ɓera ya ci sukarin.

Talata da yamma na lallaɓa rumfar sukari don in ƙara ko guda ɗaya. Na tarar da wurin baƙi, ta riga ta ƙone gidan rinar da tsumma da kananzir.

Na dawo na zauna a kan matakala. Ta zo da ƙwaryar kurkum ta zauna kusa da ni ta kama hannuna.

“Ka je gaida abokanka?”

“Na tarar sun yi ƙaura.”

Ta shafa, ta shafa. “Da kanka ka kai musu hannu?”

“Da kaina.”

“Kai da ko allura aka zo yi sai an kamo ka a bayan gida.”

Na miƙa mata ɗayan hannun.

“Yanzu da na ƙone wannan, shi ke nan ko?”

“Akwai wani a bayan masallaci,” na ce. “Na zirnaƙo ne. Alhamis da sassafe nake so in je.”

Hannunta ya tsaya. Zirnaƙo ba rina ba ne, bara ya kwantar da wani mai keke sati guda. Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba, don ni ban iya wasa da fuska ba.  Can ta ce, “Ashe kai ma mahaukaci ne, kawai dai a hankali kake yin naka.”

Laraba tun da safe ta ɗora mini kwandon sukari ta ce in kai wa ƙanwarta a can bayan gada, kuma kada in dawo sai na gyara mata rufin kaji. Wuni guda na yi. Da na dawo ta sa na rantse ba zan je bayan masallaci ba. Na ce ai kuwa in ban je ba an gama da ni, ga yatsu sun sace, sun koma kamar ba a taɓa harbinsu ba. Ta ce in rantse dai. Na rantse, don hannunta na kan kaina.

Alhamis da hantsi gari duk ya fito bakin ruwa. An gama lodin shinkafa da man inji da ganyen kwakwa, liman ya yi addu'a, mata sun kawo kwanukan abinci. Ni na tsaya gefe da ƙullin kayana, leɓena har yanzu a kumbure, ban ma kai kayan jirgi ba. Tayang ya zo ya dafa ni, yau babu tsokana. Sai ga Nene tana tahowa a hankali, jarkata a kanta, hannunta na dama a naɗe da tsumma.

“Nompo! Zo ka tsaya. Kada gobe a ce ba a gabanka aka yi ba.”

Ta buɗe jarkar ta miƙo mini wuƙar. Na zare. Mariƙin nawa ne, kuben nawa ne, amma tsinin nan mai kyau babu shi. An cinye shi, bakin ya koma dagwalgwal, a karkace, duk jikinsa zanen dutse.

Na jera yatsuna, nawa na gaskiya. Tafi. Samu. Na uku ya rufe bakin daidai, ko gashi bai leƙo ba.

“Faɗi mana,” in ji Nene. “Ko rina ta tafi da harshen?”

“Dawo,” na ce.

Daeng Nompo ya karɓi wuƙar ya ɗaga ta sama yana dubawa. “Wane ne ya yi wa ƙarfe wannan aika-aika?”

“Ni ce. A dutsen washina, wuni guda. Ƙarfen Lewa taurin kai gare shi kamar mai shi. An ce mai wuƙa ba ya ragewa, an ce kakarsa ba ta ragewa?”

“Ba a ce ba, Nene.”

“Kana da magana?”

Ya gwada kaifin a farcensa. “Ba ni da ita. Haka ma ya fi, ba za ta huda jarka ba.”

Na kama hannunta mai tsumma, ta fizge. “Sakar ni, bororo ne kawai. Sa'ar rina kwana uku take yi ta sace, kai kuwa wata huɗu za ka yi. Da ita zan bar ka ka tafi?” Ta mayar da wuƙar cikin jarka, ta murɗa murfin da hannun hagu, ta sake murɗawa, ta ɗora mini a ka. “Kuma kada ka ci sukarin nan don kwaɗayi, na san ka.”

Na shiga ruwa da kayana, Tayang ya ja ni sama. Da aka tayar da inji mutane suka sa kafaɗa, na ga Nene ta tattare zani ta shigo har gwiwa, ta ɗora tafinta mai lafiya a jikin katako. Ba ta tura komai ba, dafawa kawai ta yi, jirgin ya zame daga hannunta.

Sai da muka ɗan yi nisa na ji muryarta a kan ƙarar inji.

“Nompo! Ka sa shi a gaba! Da bakin nan nasa ba kwa buƙatar ƙugiya!”